'Yan Dakon Kaladan

Asabar, 19 ga Yuni, 2021, ƙarfe goma na safe

Yau kwana goma sha tara rabona da fita daga gidan nan, in ba a sa saukowa ƙasa karɓar cefane a ciki ba. Gida na gaskiya kuwa, Gumel, shekara uku da wata huɗu ke nan. Da zan taho Kuala Lumpur digiri na uku, shekara uku aka ce min. Malamin da ke duba aikina tun azumi bai amsa saƙona ba. Ina hawa na goma sha ɗaya a Danau Kota, daga ni sai fanka sai tukunyar shinkafa. In na leƙa titi babu kowa sai 'yan babur masu kai saƙo.

Ɗaya daga cikinsu ne ya kawo min akwati ɗazu daga Sri Petaling, daga wurin Gabriel.

Gabriel mutumin Pankshin ne, kwamfuta yake koyarwa a wata kwaleji a nan. A kulob muka haɗu, a Brickfields, saman wani shagon zannuwa, inda kafin kullen annobar nan duk Asabar manyan mutane masu furfura ke taruwa su sake yaƙoƙin da aka gama tun ba a haife su ba. Babban tebur ne da koren bargo, tsaunukan soso, kogin shuɗiyar leda, sai 'yan sojojin dalma, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Da tef irin na tela ake auna tafiyarsu, a jefa ƙwayar lido ta faɗi wanda harbi ya samu. Ruwan sama ne ya koro ni ciki wata rana, na ji wani baƙin mutum yana zagin ƙwayar lido da Hausa. Shi ke nan, na zauna. Sauda, matata, cewa take an tura ni karatu na ɓige da wasan 'yar tsana.

A kan akwatin akwai gwangwanin feshi da takarda:

"Malam Alkasim, na gama fenti. Saura banish, ƙirjina ba ya son warinsa kwanan nan. Ka fesa min. Kada ka canza musu layi. Kuma ban da mugunta don ka san su za su ci Japanawanka."

Banish shi ne ruwan nan garai da ake fesawa a ƙarshe don kada hannu ya goge fenti. Na kira shi. Sau uku tari ya katse shi kafin ya gama gaisuwa.

Na ce, "Janar, wannan tarin fa?"

Ya ce, da salon maganar mutanen garin nan, "Mura ce lah, Malam. Kai dai ka kula min da mutanena."

Lahadi, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Na buɗe akwatin. Su arba'in da takwas ne, layi shida, takwas-takwas, kowa a raminsa cikin soso.

Babu mai bindiga ko ɗaya. 'Yan dako ne. A yaƙin Burma, da aka kai sojojinmu kwarin Kaladan a 1944, dajin mota ba ta shigarsa, a ka aka ɗauki kaya: harsashi, shinkafa, magani, sassan igwa. Kakan Gabriel, Baba Goyol, yana cikin masu ɗaukar. Adda kawai aka ba shi. Gabriel ya nemi ɗan dako a wurin masu sayar da 'yan sojojin nan, ya sami Bature, ya sami Ba'indiye, har alfadari ya samu, bai sami kakansa ba. Sai ya sayi wasu ya yanke musu bindigogi da reza, ya lanƙwasa hannuwansu sama, ya ɗora musu kaya. Shekara ɗaya da rabi yana wannan aiki. Har gammo ya naɗa wa kowanne da zaren ɗinki. Fuskokin ne suka fi tsayar da ni. Babu biyu masu launi ɗaya. Wani baƙi wuluk, wani wankan tarwaɗa, wani da tsage uku a kumatu wanda sai ka kanne ido za ka gani.

Bara ya kawo wata ƙa'ida kulob, wai in 'yan dako suka ƙetare tebur da kayansu, ɓangarensu ya ci, ko da an kashe masu bindigar. Ni na fi kowa hawa sama, na ce wanda bai harba ba ba ya cin yaƙi. Ni ne Japan a teburin Burma, kullum ni ne, don babu mai so kuma ni na zo daga baya. Aka ƙi ƙa'idar saboda bakina. Wata guda ba ya yi min magana. Tunda littafina ne wannan bari in rubuta: shi ke da gaskiya, kuma tun ranar na sani. Gajiya na yi da shan kaye.

Da zan yi sallah na lulluɓe su da tawul. Ya san ina haka da nawa ma. Cewa yake, "Malam, sojojina ba sa leƙen mai sallah, masu tarbiyya ne."

Litinin, 21 ga Yuni, azahar

Roseline, matar Gabriel, ta kira. Maman Shekinah nake ce mata. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi da safe, cutar nan ce. Ita da 'yarsu an ce kada su taka ƙofa. Ta faɗa min lambar da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna, ban san ma'anarta ba, na ce ai da sauƙi ke nan. Sai ta ce za ta sake kira.

Tsakanina da su ya fi kilomita goman da doka ta yarje. Ko da bai fi ba, me zan je in yi?

Laraba, 23 ga Yuni, bayan magariba

Da safe ya turo saƙo daga gadon asibiti, kalma biyu: "Ka fesa?" Na ce yau in sha Allahu.

Ruwa ya tsuge tun azahar, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Gari ya yi sanyi, na ce ga lokacin aiki. Na jera su a kan katako a baranda, layi-layi yadda ya ce, na girgiza gwangwani na fesa. Na ga kamar bai isa ba, na ƙara. Na shiga na yi alwala.

Da na fito sun yi fari.

Duka arba'in da takwas ɗin. Kamar an tsoma su a koko an tsamo. Fuskar tana nan a ƙasa, kana hango ta dishi-dishi, irin idon tsoho da yana ta rufe. Na jira ko in ya bushe zai washe. Ya bushe. Bai washe ba.

Shekara ɗaya da rabi mutum yana neman baƙar fuska. Ni cikin minti uku na mayar masa da su Turawa.

Alhamis, 24 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ya ce in turo hoto. Na tura wanda na ɗauka ranar Lahadi.

Ya rubuto: "Kai Malam, hannunka da kyau. Kamar ba a taɓa su ba."

Juma'a, 25 ga Yuni, ƙarfe uku

Babu masallaci yau ma. Na yi azahar a ɗaki, sai shaiɗan ya kawo min dabara. Ga sanitaiza kwalba-kwalba a gidan, abin da ke cire maiƙo da tawada a hannu. Na tsinci guda bakwai da suka fi yin fari, daga nan da can, na bar gurabensu a layi, na zuba su a kofi na tsiyaya musu. Na ba su rabin awa.

Farin ya fita. Fentin ma ya fita. Riga, wando, fuska, komai ya saɓule ya taru a gindin kofi kamar dattin wanki. Dalma ce tsirara a hannuna, gammon ya warware yana reto.

Kowane soja a kan ɗan faifan katako yake tsaye. Ina goge na bakwai na ga shuɗin tabo a ƙasan faifansa, kamar an yi rubutu ruwa ya wanke. Na ɗauko ɗaya daga waɗanda ban jiƙa ba na juya. Da ƙaramin rubutu an sa: Audu Yola. Na juya na kusa da shi: Gotom Kabwir. Tanko Zuru. Iliya Kagoro. Mamman Dikwa. Duka arba'in da ɗayan da suka rage, kowa da sunansa a ƙarƙashin ƙafa.

Bakwai ɗin, shuɗin tabo kawai.

Kwana shida suna gidana ban taɓa juya ko ɗaya ba. Digiri na uku.

Asabar, 26 ga Yuni, hantsi

Maman Shekinah ta ce an mayar da shi ɗakin da ba a riƙe waya. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban tambayi abin da ba ta faɗa ba. Sai na lallaɓo ta gefe.

"Maman Shekinah, sunayen nan da ke ƙasan sojojin, yana da su a littafi ko?"

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun Litinin. "Wane littafi, Malam? Na yi magana har bakina ya gaji."

Ta ba ni labarin. Mutanen da Baba Goyol ya yi dako da su ne, su arba'in da takwas har da shi. Duk safiyar Kirsimeti kafin a tafi coci sai tsohon ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya kira su ɗaya bayan ɗaya, yadda saje ke kiransu a can, Gabriel yana yaro yana amsa wa kowanne irin ta soja, "Sa!" Shi ke kwana ɗakin kakan, shi kaɗai ya haddace. Sauran jikoki suna can wurin shinkafa da nama. Tsohon ya rasu shekara ashirin da suka wuce.

"Da ya gama fentin nan ya ce min, to Rose, kin huta, yanzu na rubuta su, suna ƙafarsu. Lafiya dai, Malam?"

Na ce lafiya lau.

Sunaye bakwai. Wuri ɗaya suka rage a duniya, kuma wurin yana kwance da roba a maƙogwaro.

Lahadi, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Na kira Ankul Selvam, shugaban kulob, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shekararsa saba'in da huɗu. Na faɗa masa komai, don dole in faɗa wa wani.

"Aiyo, Kasim! Bayan ruwa ka fesa?"

Na ce a garinmu in ka shanya riga, kafin ka gama cin tuwo ta bushe. Wa ya taɓa ce min a tambayi iska kafin a yi fenti?

Ya ce iskar garin nan rabinta ruwa ce, feshin yana kama laimar ya rufe ta a jikin soja, farin da nake gani ke nan. "Kowa a kulob ya taɓa yi sau ɗaya lah. Ni dawakan Faransa ɗari biyu na mayar aljanu, matata ta yi sati tana dariya. Boleh, zai yiwu, ana gyarawa."

Na ce, "Bakwai ɗin da na jiƙa a sanitaiza fa?"

"Wannan kam," in ji shi, "kai ka fara."

Ga yadda ya ce a yi. Banish mai ƙyalli, na kwalba, da burushi, siriri-siriri, soja ɗaya bayan ɗaya. Sai rana ta take, tsakanin sha ɗaya da biyu. In an yi ruwa, ko taɓa su kada in yi. In na shafa sau ɗaya kada in koma, ko zuciyata ta ce in koma. Kafin la'asar ɗan babur ya kawo kwalba da burushi biyu, da tosai, wainar Indiyawa, a ƙunshe har yanzu da ɗumi. A jikin ledar Ankul Selvam ya rubuta in ci abinci tukuna.

Shekara uku ina cewa mutanen garin nan ba sa ganinmu. Wasunsu. A rubuta wasunsu.

Litinin, 28 ga Yuni, ƙarfe biyu

Da Audu Yola na fara. Ina ɗora burushi a goshinsa farin ya narke, kamar ka hura wa gilashi ka goge. Ga baƙar fuska, ga tsage uku. Sai da na ajiye shi na tashi na zagaya ɗakin.

Uku yau.

Talata, 29 ga Yuni

Ruwa tun safe. Ban taɓa kowa ba.

Laraba, 30 ga Yuni, ƙarfe biyu

Huɗu. Babu labari.

Alhamis, 1 ga Yuli, yamma

Maƙwabcina na ƙofar gaba ya rataye farin ƙyalle a taga. Haka ake yi yanzu in abinci ya ƙare a gida. Shi ne mutumin da in na shiga lif yake fita ya jira na gaba, tun kafin cutar nan. Na tsaya ina tuna wannan har shinkafata ta kama. Daga baya na ajiye masa rabin buhun shinkafa da ƙwai a ƙofa, na ƙwanƙwasa na dawo. Ba don shi ba. Akwai tsohuwa a gidan, ina jin tarinta.

Biyu yau, hadari ya taso da wuri.

Asabar, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Sauda ta kira. Ta gama ba ni labarin rufin kicin da ke yoyo, ta tsaya.

"Malam, muryarka ba daidai take ba. Jikin abokin naka ne?"

Na faɗa mata. Ina jiran maganar 'yar tsana. Ba ta zo ba.

"Sauran arba'in da ɗayan, ka rubuta su a takarda?"

Na ce a'a.

"Innalillahi. Kana jira ne wani kofin ya cinye su? Ɗauko biro yanzun nan, ina kan waya. Ka bi layi yadda ya jera su, inda babu ka bar fili. Kana faɗa ni ma ina rubutawa."

Haka muka yi. Ina juya soja ina karantawa, tana maimaitawa daga Gumel. Garba Argungu. Dung Vwang. Bulus Wusasa. Inda na ce fili, sai ta ce fili. Da muka zo Ali Fika ta ce ko dangin su Inna ne, na ce Allah kaɗai ya sani. Da muka gama ta ce, "Mutanen nan ashe daga ko'ina aka kwaso su." Ta ce za ta sa takardar cikin akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara.

Shekara goma sha huɗu da aure, ni ne mai karatun, wai.

Litinin, 5 ga Yuli, hantsi

Maman Shekinah ta kira. An kifa shi a kan cikinsa, wai haka ya fi. Likita ya ce ta bar wayarta a kunne.

Ta ce, "Malam, ka yi masa addu'a. Irin taku ma. Duk a haɗa."

Na ce tun ranar da aka ɗauke shi ban fasa ba. Wannan ba ƙarya ba ce. Amma akwai abin da nake jin kunyarsa: wani lokaci ina cikin roƙon sai in rasa shi nake roƙa wa, ko sunaye bakwai ɗin. Na zauna na bincika zuciyata sosai. Shi ne. Amma su ma suna ciki.

Talata, 6 ga Yuli

Rana ta fito tas. Na ɗauki burushi na ajiye. Ban yi ba.

Alhamis, 8 ga Yuli, ƙarfe biyu

Biyar. Cikinsu har da Goyol Pankshin, layi na huɗu, na uku daga hagu. Akwatin harsashi ne a kansa. Gabriel ya yi masa kunnuwa manya irin nasa.

Akwai shida da suka ƙi. Na bakin katako ne, inda feshi na biyu ya fi sauka. Na nuna wa Ankul Selvam a bidiyo, ya kawo fuska har hancinsa ya cika wayar. Ya ce in bar su, in na matsa zan kai su inda na kai bakwai ɗin.

Asabar, 10 ga Yuli

Wayar ta yi ƙara sau biyu yau. Duk biyun masu talla ne. Na zagi na biyun da Hausa.

Litinin, 12 ga Yuli, azahar

Na fara yi wa bakwai ɗin sabon fenti da ragowar fentina. Kakin ya yi daidai, gammon ma na naɗa da zaren da na zare daga tsohuwar hulata. Fuska ce ta gagare ni. Duk bakwai ɗin kama ɗaya suke, kuma kamar ƙanina Kalilu in ya tashi daga barci.

Laraba, 14 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

An cire robar.

Maman Shekinah tana faɗa tana kuka tana dariya, Hausa da Turanci duk a cakuɗe. Wai abin da ya fara nema shayi ne, ya ce kuma ba irin na asibiti ba, na mamak, masu shayin bakin titin garin nan.

Na yi sujada. Ban ma tuna da tawul ba.

Talata, 20 ga Yuli, safiyar Sallah

Layya ta huɗu ba a gida ba. Na sa farar riga na zauna a baranda. An ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe ba kowa, sai kwano da miyar kifi a rufe. Ƙofar gaba ta rufe a hankali.

Ranar Alhamis za a sallame shi. Tun da na ji nake ta shirya yadda zan fara maganar. Duk wadda na shirya sai in ji akwai kare kai a ciki.

Asabar, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Mun yi waya ta bidiyo. Yana kishingiɗe a falonsu, ya rame har kunnuwan sun ƙara girma. Muryar kamar ana jan buhu a siminti.

"Malam Japan. Kana nan ba ka mutu ba?"

"Janar, ai kai aka sa wa ido."

"Ina mutanena?"

Ban bi ko ɗaya daga abin da na shirya ba. Na ce na fesa bayan ruwa sun yi fari, hoton da na tura maka tsoho ne, na jiƙa bakwai a sanitaiza, sunayensu sun tafi. Na juya wayar na bi layukan da ita a hankali.

Ina jin numfashinsa.

"Alkasim." Bai taɓa kiran sunana haka gatsau ba. "Hoton ne ya fi min ciwo. Ina can ina nuna wa nas."

Na ce na sani.

Sannan ya ce, "Matso da na ƙarshen nan. Wannan wa ka zana? Ko Japanawan gaske ba su yi musu haka ba." Ya fara dariya, tari ya karɓe, Maman Shekinah ta miƙo ruwa tana hararar wayar.

Da ya lafa ya ce ba komai, ai suna kansa. Ya rufe ido ya fara. Audu Yola, Gotom Kabwir, Tanko Zuru. Ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ga tsoro a fuskarsa, wanda ban gani ba ko da yake maganar asibiti.

"Malam, babu. Tun da na tashi kaina kamar an cusa auduga."

A makarantar allo in ka kakare a tilawa ba a ce maka ka yi tunani. Ta baya ake ja maka, bakinka ya ƙarasa da kansa. Na ɗauko takardar da muka rubuta da Sauda. Na ce kada ya tuna komai, ni zan kira, shi ya amsa kawai yadda yake yi wa Baba.

Na fara. Ya ɗaga hannu.

"Ba haka ba. Kana karantawa kamar mai gabatar da takarda. Saje ne kai. Buɗe murya."

Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, hawa na goma sha ɗaya, na buɗe murya.

"Audu Yola!"

"Sa."

"Gotom Kabwir!"

"Sa."

"Tanko Zuru!"

"Sa."

"Iliya Kagoro! Mamman Dikwa!" Yana amsawa, muryar na ɗan ƙara ƙarfi. Na iso filin farko na yi shiru, ban sauke numfashi ba.

"Sule Lafiya," in ji shi, ido a rufe. "Sa."

Na rubuta, biron na huda takarda. Muka ci gaba. Miri Langtang ya fito. Dauda Biu ya fito. Adamu Tangale sai da muka koma baya sau biyu. Yakubu Numan ya fito tun ban gama na gabansa ba. Da na kira Goyol Pankshin bai amsa da wuri ba, Maman Shekinah ce ta amsa daga bayansa.

Biyun ƙarshe a jere suke, a layi na shida. Na kira na gabansu, shiru. Muka koma farkon layin, shiru. Sau uku. Leɓensa na motsi, babu abin da ke fita. Maman Shekinah ta karɓe wayar.

"Malam, ya isa haka. Kai da sojojinka za ku mayar min da shi asibiti."

Tana da gaskiya.

Laraba, 28 ga Yuli, hantsi

Mun sake gwadawa jiya da yau. Babu. Na ce ko in bincika a littattafai in samo sunayen da suka dace. Ya ce, "Kada ka ƙirƙira musu suna, Malam. Ka bar ƙafarsu haka. In an zo kansu ka yi shiru, ni zan amsa."

Shida masu hazo ma ya ce a bar su. Hannunsa yanzu ba ya riƙe burushi, ko kofi da biyu yake ɗauka. Ya ce in ya warware zai koya min fuska, don ba zai yarda Kalilu bakwai su tsallaka masa kogi ba.

Na rubuta wa 'yan kulob cewa na janye maganata ta bara, 'yan dako in sun ƙetare sun ci. Ankul Selvam ya amsa: "Boleh. Amma kai ne Japan har yanzu."

Asabar, 31 ga Yuli, ƙarfe biyu

Rana ta yi kyau yau, na mayar da kowa raminsa. Gobe ɗan babur zai kai su Sri Petaling. Kwana sittin da ɗaya rabona da fita. Malamina ya amsa saƙo jiya, layi ɗaya, ya ce in sake babi na uku.

Gabriel ba ni na tsirar da shi ba, don haka ban sa shi a lissafin nan ba. Ga nawa:

Waɗanda fuskarsu ta dawo yadda ya yi ta, talatin da biyar.

Masu hazo, da sunansu a ƙafa, shida.

Waɗanda na sake wa fenti da hannuna, bakwai.

Sunaye arba'in da shida, a ƙafar sojoji, da takarda a nan, da takarda a Gumel.

Biyu babu.